Ranar da Ɗan Papa Kefas Ya Taka Birki

Papa Kefas na durƙushe a gindin furannin bakin ƙofa yana cire ciyawa lokacin da ya ji motar masaukin baƙin da yake aiki tana hawowa. Tun kafin ta bayyana ya san da matsala. Idonsa ya daɗe da yin rauni, amma kunnensa bai tsufa ba, kuma wannan ba tuƙin ɗansa ba ne. Ruben ba ya sa giya ta yi kuka haka. Ba ya kuma shan kwanar gidan ba tare da ya danna ham ya tsokani masu gadi ba.

Motar ta shigo ta tsaya a karkace, tayarta ɗaya cikin furanni. Misis Morin ce riƙe da sitiyari, baƙuwar da Ruben ya ɗauka da safe. Gaban rigarta duk jini ne, ya bushe ya yi baƙi. Tsohon ya miƙe, ya leƙa kujerar gaba, ya leƙa ta baya. Babu kowa, sai wata jakar saƙa da bai sani ba, da dankali warwatse a ƙasan motar.

"Misis, ina yaron?"

"Lafiyarsa ƙalau, Kefas, kada hankalinka ya tashi. Wata mata muka buge a hanya. Na kai ta asibiti, tana numfashi. Ruben na can ƙauyensu, sun ce ya jira su."

"Tsayawa ya yi?"

"Ni na ce ya tsaya."

Ta faɗa kamar mai kawo albishir. Tsohon ya sulale ya zauna a kan tsakuwa, hannunsa har lokacin riƙe da ciyawar da ya cire.

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a babbar hanyar tsaunuka ya san abu ɗaya: in ka buge mutum, ko da alade ne ma, ba ka tsayawa. Ka taka mota har ofishin 'yan sanda mafi kusa, ka shige ciki, daga can dangi su yi magana da dangi. Ba rashin imani ba ne. A wurinmu jini ba na mutum ɗaya ba ne, na zuri'a ne, kuma zuri'ar da ta ga nata kwance a kan kwalta ba ta jiran bayani.

Papa Kefas ya fi kowa sanin wannan a garinmu Goroka, don ya fara tuƙi tun hanyar tana jar ƙasa.

A wata bukka aka haife shi, can saman tudu, inda yake hango jiragen Turawan Ostireliya suna sauka cikin kwarin kamar tsuntsaye a gonar gero. Zinariya suka zo nema tun farko. Abin da ya zaunar da su daban ne: iska mai sanyi, ƙasa baƙa wadda ko sanda ka soka sai ta tsiro, ga babu zazzaɓin da ke kashe su a bakin teku. Suka share fili don jirgi, sannan suka jera gidaje a gefensa, shi ya sa har yau filin jirginmu yake tsakiyar gari. Kwanon rufi, ƙusa, gado, duk ta sama suka zo. Suka dasa kofi, suka dasa kabeji da furannin ƙasarsu, suka gina murhun jin ɗumi a falo, suna zama da rigar sanyi suna cewa ba su taɓa ganin wuri irin wannan ba.

Kefas ya gangaro ba takalmi, ya sami aikin kai itace a gidan wani mai gonar kofi da ake kira Masta Renik. Daga itace ya koma lambu, daga lambu ya koma wankin mota. Masta ya lura saurayin ba ya musu, ba ya tambayar dalili, sai ya koya masa tuƙi. Shekara da shekaru yana kai shi kulob, ya zauna cikin mota yana rawar sanyi, don baƙar fata ba ya shiga can sai da tire a hannu. Shi ke kai 'yar Masta makaranta, shi ke ɗora ta a wuya ta tsinki gwaiba. Da aka ba ƙasar 'yanci Masta ya sayar da komai suka tafi. A filin jirgi yarinyar ta ƙanƙame ƙafar Kefas tana ihu, sai da uwarta ta ɓamɓare ta. Sunanta Morin.

Gonar ta koma daji. Gidan ya yi ta sauya hannu har wani ɗan kasuwar garin ya saye shi ya mai da shi masaukin baƙi, ya zagaye shi da waya mai ƙaya, ya sa aka nemo masa tsohon direban gidan, Kefas. Don baƙin ba su daina zuwa ba. Akwai 'yan mishan, akwai likitoci, akwai masu tashi da asuba su bi tsuntsaye da madubin hangen nesa. A watan Satumba kuwa gari ba ya ɗaukar mutane, in ƙabilu suka sauko da gashin tsuntsu da ganguna don bikin da Turawan mulki suka ƙirƙiro. Sai kuma wani rukuni da Kefas ya fi tausayi: tsofaffin Turawa da aka haifa a nan, masu zuwa neman itacen da suka hau suna yara, su tarar an sare shi an kafa rumfar sayar da katin waya.

Dukansu yana da abin da yake faɗa musu. "Nan ba zafi, ba sauro. Allah ya gama ƙera duniya ya gaji, a nan ya zo ya huta." Su yi dariya, su ɗauke shi hoto. Ba ya gaya musu dalilin ragar ƙarfen da ke jikin gilashin motar, ba ya gaya musu me ya sa ba ya yarda la'asar ta same shi a bayan gari. Ya san abin da ake faɗa wa baƙo da abin da ake bar masa.

Da ido ya fara gaza shi, ya miƙa makullin ga autansa Ruben, dogo, mai yawan surutu, da mata Dorkas da yara ƙanana. Abu biyu ya dasa masa. Na farko maganar hanya. Na biyu abin da ya ciyar da shi duk rayuwarsa.

"Baƙo ba a ce masa a'a. Ka ji ni? In ya ce dama, dama. In ya ce baya, baya."

"To, Baba, in Bature ya ce in faɗa kogi fa?"

"Ka tambaye shi wane kogin."

"Shi ya sa Masta ya tafi ya bar maka tsohuwar hula ita kaɗai," in ji Ruben, ya kauce wa duka yana dariya.

Ranar da Morin ta dawo, kanta ya yi fari fat, ta yi ritaya daga aikin jinya a ƙasarsu. Ita ta fara gane shi. Ta rungume shi a tsakiyar tsakar gida tana magana da Pisin, harshen da ke haɗa ƙabilunmu, irin na yaran da, har 'yan kicin suka riƙa toshe baki. Tsohon ya kwana biyu ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa don murna. Ya so ya kai ta saman dutsen da ake hango kwarin duka, inda ubanta yake kai su cin abinci ranar Lahadi, amma ya san idonsa ba zai kai su ba. Da safe ya ja Ruben gefe.

"Wannan ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce. A wuyana ta girma. Duk abin da ta ce, ka yi. Kada in ji ka buɗe mata wannan bakin naka."

"In ta ce in aure ta fa? Kai za ka yi wa Dorkas bayani?"

"Wuce, ɗan banza."

Maganarsu ta ƙarshe ke nan kafin abin ya faru.

A hanyar dawowa ne, wajen wata 'yar kasuwar bakin titi, ruwa ya fara sauka. Babbar motar kofi ta tsaya ta tare rabin hanya. Wata mata mai suna Lusiya ta fito ta bayanta, ta dawo daga gona, igiyar jakar dankali rataye a goshinta yadda matanmu ke ɗauka, nauyin ya hana ta juya wuya. Ruben bai gan ta ba sai da ya ji ƙarar. Ƙafarsa ta tafi kan totur da kanta, kamar yadda aka koya mata. Morin ta damƙe hannunsa.

"Tsaya!"

"Misis, ba a tsayawa a nan."

"Na ce ka tsaya!"

Ya taka birki.

Kafin su buɗe ƙofa kasuwar ta watse ta dawo kansu, maza da adduna, mata da duwatsu. Abin da ya hana a gama da shi nan take shi ne ganin Baturiya mai furfura durƙushe cikin jini, ta yage mayafinta tana ɗaure kan matar, tana yi musu tsawa da Pisin su matsa ta sha iska. Wani ya zare makullin motar, ya yi jim, ya miƙa mata. Mijin Lusiya da surukarta suka shiga baya suka rungume ta. Morin ta ja motar. A madubi ta ga Ruben na hawa tudu tsakanin maza, ba wanda ya riƙe shi, sai ta ɗauka magana za su yi.

Washegari Papa Kefas ya yi abin da ake yi. Ya shafa taɓo a fuska da ƙirji, alamar baƙin ciki, ya sa danginsa suka ɗauro alade a jikin sanda da damin rake, kyautar farko da ake kira sanyaya ciki. Fasto ya shige gaba. Tsohon ya roƙi 'yan sanda da bakinsa su tsaya a ƙasan tudun, don in bindiga ta hau can, maganar ta tashi daga ta mutum ɗaya.

A dandalin ƙauyen yayan mijin Lusiya ne ya tarbe su, wani gajere mai faɗin ƙirji, sunansa Aizo, bakinsa ja wur da taunar buai, ɗan itacen da muke ci kamar goro. Ya zagaya aladen, ya taɓa cinyarsa da ƙafa, ya ce a ajiye. Sai tsohon ya durƙusa.

"Apo," ya ce, yadda muke kiran ɗan'uwa, "ga ni. Ku riƙe ni, ku sake shi. Yana da yara."

"Kai ka tuƙa?"

"Ni na koya masa."

"To ka iya koyarwa, tsoho, tunda ya tsaya. Mun gode masa, wallahi ba da wasa nake ba." Aizo ya tofar da jan yawu. "Amma duba ni nan. Matar nan tana shayarwa, ko furfura ɗaya ba ta da shi. Kai haƙora nawa suka rage maka? In na karɓe ka, danginta za su ce na sayar da 'yarsu da tsohon buhu."

Wasu samari suka yi dariya. Aizo ya juya ya harare su, suka yi tsit. Ya matso, ya rage murya.

"Mutanena zan iya riƙe su. Amma 'yan'uwanta na jini suna bayan dutse, an aika musu, suna hanya. In ta tashi, magana ta diyyar aladu ce, ni da kai mu zauna mu yi ta har mu gaji. In ba ta tashi ba, ban yi maka alkawarin komai ba. Shiga ka gan shi."

Ruben na zaune a bakin wuta cikin wata bukka mai hayaƙi. Girarsa a fashe take, leɓensa a kumbure. Da ya ga ubansa sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Baba, ka ga yadda taɓon nan ya yi maka kyau kuwa? Da baƙinmu sun gan ka, da hoto har gobe."

Tsohon ya zauna. Ya shafa fuskar ɗan da yatsu, don idonsa ba ya gani cikin duhun.

"Don me ka tsaya?"

"Kai ma ka sani, Baba." Ruben ya tura wani itace cikin wuta. "Ƙafata ta riga ta tafi. Sai Misis ta yi min tsawa, na ji kamar kai ne a kujerar baya. Bari, ba laifinka ba ne. Ta ce da mun wuce da matar ta ƙare a kan kwalta. Wataƙila gaskiyarta."

"Suna ba ka abinci?"

"Har ya yi yawa. Dankali, ganye, jiya har da nama. Abin da ba na so ke nan." Ya leƙa ƙofa, ya sunkuyo. "Wata tsohuwa ta zo da safe ta zauna can tana kallona tana kuka. Na ce, Mama, ki yi haƙuri, za ta warke. Ta ce ba ita take yi wa ba. Baba, ka ce wa Dorkas ta kwashe yara ta kai su wurin uwarta. Yau, ba gobe ba. Kada su kwana a gida."

Suka sauko tudun. A ƙasa fasto ya fara addu'a, tsohon ya wuce shi ya shiga mota.

Morin ba ta zauna ba. Kullum tana asibiti. Ta ce za ta hau ƙauyen da kanta, ta ce za ta kira ofishin jakadancinsu, ta ce ko nawa ne za ta biya. Kefas ya haɗa hannu ya roƙe ta kada ta yi ko ɗaya. In Baturiya ta hau can da jaka, abin da za su nema ko gwamnati ba ta iya biya. In jakada ya sa baki, sojoji ne za su hau. Ta zauna a barandar gidan da aka haife ta, ta rufe fuska.

"Kefas, ka gaya min gaskiya. Kuskure na yi?"

Ya buɗe baki. Ya ga yarinyar da ke tsinkar gwaiba a wuyansa, ya ga girar Ruben.

"A'a, Misis."

"Da za a sake, haka zan sake yi. Ba zan iya wuce mutum a kwance ba."

"Haka ne, Misis."

Da labari ya zo cewa 'yan'uwan Lusiya sun iso gari suna tambayar wace ce Baturiyar da ke cikin motar, mai masaukin ya ce ba zai iya ɗaukar nauyin ranta ba. 'Ya'yanta ma suna ta bugo waya. Ta ƙi, ta yi kuka, daga baya ta yarda. Tsohon ne ya ɗauki jakarta har bakin shingen filin jirgi, bai bari kowa ya taɓa ba. Ta ce za ta riƙa kira kullum. Ya ce to. Ya juyo tun jirgin bai tashi ba.

Masaukin a cike yake yanzu, biki ya ƙarato. Ana kunna murhun falo da yamma, baƙi na zagaye shi da kofuna suna yaba sanyin garin, wasu na tambayar ina tsohon direban nan mai labarai da aka ba su labarinsa. Mukan ce ba ya jin daɗi. An wanke motar an ba wani direba. Mu ma'aikatan gidan, in mota ta yi kukan giya a kwana, sai ka ga kowa ya saki abin da ke hannunsa.

Papa Kefas kuwa a harabar asibiti yake wuni. Yakan zauna a gindin shinge ta hagu, shi da Dorkas da ta kai yaran ta dawo. Ta dama, tsallaken hanyar da ake tura marasa lafiya, dangin Lusiya ne zaune a kan ciyawa, 'yan'uwanta maza a gaba, ba sa magana da kowa. Tsakaninsu bai wuce jifa ba, amma tsohon ba ya iya rarrabe fuskokinsu. Duk sanda ƙofar ɗakin da Lusiya ke kwance ta buɗe, sai ya taɓa hannun surukarsa.

"'Yata, duba min. Sun shafa taɓo?"

"Ba su shafa ba, Baba."

"Duba da kyau."

"Na duba. Mai shara ce ta fito."

Ba ya cin abin kirki. Dorkas ta gasa masa dankali, ya ɓare ya riƙe har ya huce. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar cocinsu takan ratso ta wurinsu in ta tashi aiki, ta yi kamar tana gyara takalmi, ta faɗa musu abin da ake ciki ba tare da ta kalle su ba, don kada na tsallaken su gani. Jiya ta ce kan ya kumbura daga ciki, likitoci sun yi abin da za su iya, saura jiki ya yi nasa. An kai wa Lusiya jaririyarta an ɗora mata a ƙirji ko za ta motsa. Ba ta motsa ba.

Daga tudun, saƙo ɗaya ya zo ta bakin wata mai sayar da kabeji: an mayar da Ruben bukkar Aizo, kuma Aizo da kansa ke kwana a bakin ƙofa. Ba wanda ya san ko wannan alheri ne ko akasinsa.

Har zuwa yau da rana Lusiya ba ta buɗe ido ba, ba ta kuma mutu ba. Ruben yana can sama. Ana jira.